Ranar da Aka Ɗinke Kunnen Uwaliya

Duk wanda ya ce bazawara 'yar gata ce, wai ita ke zaɓar miji da kanta, to bai taɓa zama gida ɗaya da Goggo Sabuwa ba.

Tun da hantsi Goggo ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Sa'adiyya, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya. Ita ce yayar Malam Jelani, mahaifin Sa'adiyya, kuma duk Wurno an san in ta ɗauko zance ba ta ajiye shi sai ya yi laushi.

"Kin dai ji saƙon surukarki, Innar Gandi, da kunnenki," in ji ta. "Ran Alhamis tana tahe. Ko ki amri Sodangi, ƙanen mijinki marigayi, yarinya ta zamna cikin dangin ubanta kina tare da ita. Ko ki amri wancan mai keken, su ɗauke jikarsu su tahi. Ina abin wuya nan?"

"Goggo, ba ni son Sodangi."

"So tuwo na? Mutumin da bai san iyakar shanu nai ba!"

"Ai ba shanun za ni amre ba."

"Gwamma shanun da keke."

Sa'adiyya ta fashe da kuka, Goggo kuwa ta gyara zama, don ita kuka bai taɓa hana ta ƙarasa magana ba.

Shekara uku ke nan da rasuwar mijin Sa'adiyya. Ya bar mata 'ya guda, Uwaliya, mai shekara biyar, wadda sanƙarau ya tafi da jinta tun tana tatata. An sha rubutu, an ɗiga man kaɗanya, an yi turare, shiru. Sai bara, da Turawa ke ta shirin tattara komatsansu su koma gida, Atiku malamin disfensa ya kai su wurin wani likita Bature a Sakkwato. Likitan ya leƙa kunnen ya ce jin bai mutu duka ba, da saura. Ya ba su wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi kwalin ashana biyu ba, fuskarsa da 'yan ƙofofi kamar rariya, da waya siririya mai maɓalli a baki wanda ake cusawa a kunne.

Daga ranar Sa'adiyya ta zama baiwar akwati.

Ta ɗinka aljihu a ƙirjin kowace rigar yarinyar. A cire shi kafin wanka, a cire kafin barci, a sakace maɓallin da tsinken tsintsiya. Da damina a binne shi cikin ɗanyar shinkafa don kada ya sha danshi, har wata rana Goggo ta kusa zuba shi a tukunya. Akuya ta taɓa tauna wayar. Uwaliya da kanta ta taɓa tsoma maɓallin a koko don ta ga ko yana sha. Matan unguwa kuwa sai da suka yi wata guda suna sallama, wai a kunna musu su ji labarin duniya.

Abin da ya fi ci wa Goggo rai shi ne fito. In maɓallin ya ɗan zame daga kunne sai akwatin ya saki wani siririn fito, ita kuwa ta yi tsalle tana a'uziyya, wai ana kiran iskoki cikin gidan malamai.

Duk da haka akwatin ya yi rana. Yarinyar da da ba ta san ana sallama ba, yanzu tana cewa ruwa, tana cewa keke. Da wannan Sa'adiyya ta riƙe dangin mijinta shekara guda: akwati na cin batir, batir sai Sakkwato, gyara sai disfensar Wurno, saboda haka yarinya ba ta zuwa rugar Gandi.

Mai kawo batirin kuwa shi ne Atiku, kuma a wurin kawo batir ne abin ya zama abin da ya zama.

Da la'asar ya jingine kekensa a ƙofar gida. Sa'adiyya ta same shi a zaure, ta zauna nesa, idanunta sun yi jawur. Goggo kuma ta ɗauko wake ta zauna tsinta a bayan katangar zauren, wurin da ba a taɓa tsintar wake ba tun da aka gina gidan.

"Na ji saƙon," in ji Atiku, yana juya hularsa a hannu. "Sa'adiyya, na yi tunani. Ni za ni janye."

"Mi kac ce?"

"Ba ni zama sanadin raba uwa da ɗiya. Ki amri Sodangi."

"Awo, yaron kirki!" in ji katanga.

Sa'adiyya ta share hawaye da gefen mayafi, wasu suka biyo.

"Malam Atiku, ashe haka sonka yake, kamar batirinka? Kwana biyat shi mutu?"

"Wallahi ba haka ba na. Kwana ukku ke nan ban ci abin kirki ba. Jiya wani ya zo da ciwon ido, nis shahwa mashi magani ga gwiwa."

"To in na bi Sodangi ruga, wa ka kawo batir? Saniya? Wa ka gyara waya in ta tsinke? In na amre ka su ɗauke ta, in na amre shi ta koma kurma ina kallo. Gaba kura, baya sayaki. Kai kuma da nika jin sanyi in na gan ka, ka zo kana ce mani ka janye."

Idanun Atiku suka ciko. Namiji ne, bai kamata ya yi kuka a zauren mutane ba, sai ya ciro hankici ya ce ƙurar hanya ce.

"Ki ba ni zuwa Alhamis," ya ce. "In tsohuwa ta ga yarinya tana ji, tana magana, halan zuciyarta ta yi taushi."

"Ba ta yi!" in ji katanga.

Ran Talata Sodangi ya dira, kwana biyu kafin uwarsa. Dogo ne, mai fara'a, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero. Aibinsa guda: bai taɓa ganin abu ya yarda bai san kansa ba. Ya zo da man shanu da ƙwaryar nono, ya tarar Sa'adiyya ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, Uwaliya na barcin rana, akwati na ajiye a kan faifai.

"Goggo, wanga shi na abin da mai keke ka taƙama da shi?"

"Shi na."

Ya juya shi, ya shinshina, ya girgiza kai cike da tausayi.

"Shekara guda abin ga na tsaron yarinya, an bar shi tsirara! Ba ni shi. Ran Alhamis kowa za shi san wa ya iya riƙon marainiya."

Goggo ta naɗe masa shi a tsumma da hannunta.

Kwana biyun nan Sa'adiyya ta ga tashin hankali. Ta zazzage shinkafa, ta kwashe tukwane, ta leƙa rijiya, har bakin akuya ta buɗe. Goggo na gefe tana cewa, "Shina wurin gyara," ta ƙi faɗin wurin wa. Uwaliya kuwa ta yi ta taɓa aljihunta tana nuna kunne. Da ta ga ba a kawo ba sai ta daina cewa ruwa, ta daina cewa keke, ta koma riƙe zanen uwarta duk inda ta sa ƙafa. Wannan shi ya fi ƙona ran Sa'adiyya.

Alhamis da walaha Innar Gandi ta iso a kan jaki. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, amma in ta kalli mutum sai ya tuna laifin da ya yi shekaranjiya. Aka shimfiɗa mata buzu a tsakar gida. Malam Jelani ya fito ya zauna, matan maƙwabta suka cika bakin ƙofa, kowace wai ta zo aron rariya. Atiku na zaure, ba a ce ya shigo ba.

Bayan gaisuwa tsohuwa ta ce, "An ce jikata tana ji da akwati, don haka anka hana mu ita. To, a nuna mani."

Sa'adiyya ta buɗe baki za ta ce akwati ya ɓace, sai Sodangi ya miƙe yana murmushi, ya zura hannu a aljihu.

"Ga shi, Inna."

Abin da ya fito da shi, gaskiya, ya yi kyau. Jar fatar akuya ce mai sheƙi, an yi mata zane da baƙi da kore, ga tuntaye uku na lilo, ga igiyar rataya tuƙaƙƙiya. Baduku ya zuba basira, ya ɗinke ta ruf ta kowace kusurwa, ko allura ba ta samun hanya.

"Ina wayar?" in ji Sa'adiyya.

"Tana ciki. Na sa an naɗe ta da ɗan maɓallin an ɗumke gaba ɗai. Yanzu sai akuya ta ci mu gani!"

"Ƙohohin da magana ka shiga hwa?"

"Su munka hwara toshewa. Ta nan albarkar ka zurarewa."

Ya rataya wa Uwaliya a wuya, ya tofa, ya zagaya bayanta ya gyara murya.

"Uwaliya!"

Yarinya na wasa da tuntu.

"UWALIYA!"

Jakin tsohuwa ya amsa daga ƙofar gida. Masu aron rariya suka tuntsire da dariya, wata har da riƙe ciki.

Sodangi ko a jikinsa. "Sabuwar laya ta," ya ce. "Sai ta kwana ukku ga jiki kamin ta kama."

Wannan shi ake kira gyaran gangar Abzinawa. Sai dai tsohuwa ba ta yi dariya ba.

"Na gani," ta ce. "Akwati ƙarya na. Tunda ba ta ji, Wurno da Gandi duk ɗai na gare ta. A haɗa mata kayanta."

Dariya ta ɗauke. Sa'adiyya ta zube a gaban tsohuwa.

"Inna, don Allah, don Annabi! Wallahi tana ji. A buɗe hwatar ga, a kira Malam Atiku shi gyara, ki gani da idonki."

"A buɗe laya?" Goggo ta dafe ƙirji. "Wa ya taɓa buɗe laya ya gama lahiya?"

Malam Jelani ya miƙa hannu aka ba shi. Ya juya ta ya dubi Sodangi.

"Akwai rubutu ciki?"

"Babu, Malam. Baduku dai ya yi bisimilla."

"To wagga ba laya ba ta. Jikka ta marar baki."

Ya ciro 'yar wuƙar da yake fiƙe alƙalami, ya bi ɗinkin a hankali. Sodangi ya kau da kai kamar ana yanka masa ɗan maraƙi. Sannan Malam ya ce a shigo da malamin disfensa.

Atiku ya shigo kansa a ƙasa, ya durƙusa ya gai da manya. Ya warware wayar, ya hure ƙofofin, ya tarar batir ya mutu, don ba a kashe shi ba aka ɗinke shi. Ya sa sabo, akwati ya saki fito, Goggo ta yi a'uziyya. Ya saka shi a aljihun rigar yarinyar, ya cusa maɓallin a kunne. Uwaliya ta zaro ido, ta dubi taron nan duka, ta tsuke baki.

"A juya mata baya," in ji tsohuwa. "A kira ta."

Sodangi ya kira, shiru. Goggo ta kira da muryar da ake ji har bakin kasuwa, yarinyar ta ɗan ɗaga kafaɗa, ba ta juyo ba. Atiku ya kira sau biyu, gumi na bin wuyansa, ko gezau.

"Tana jin ƙara, Inna," ya ce. "Ban san mi ya hana ta juyowa ba."

"Ni na sani," in ji tsohuwa, ta fara laluben sandarta. "Sodangi, kwanto jaki."

Mutum ɗaya ce a gidan ta san dalili, ita ce Sa'adiyya, kuma da ta faɗe shi gara ƙasa ta tsage ta shige.

Uwaliya ba sunan yanka ba ne. Sunan kakarta aka sa mata, wato wannan tsohuwa da ke kan buzu, shi ya sa ake sakaya shi. Amma likitan Sakkwato bai san wannan ba. Sunan da ya gani a kati shi ya kira ta da shi ranar da ta fara ji, ya kuma ce uwar ta riƙa maimaita mata shi kullum, fuska da fuska, kada a canza. Shekara guda Sa'adiyya na sakin labule tana yin haka a ɓoye. Yarinyar ba ta san wata Uwaliya ba.

To ga 'yar fari, wadda uwa ba ta kama sunanta ko a mafarki. Ga sunan suruka. Ga surukar a zaune, ga mahaifi, ga rabin matan unguwa.

Sodangi ya kama hannun yarinyar ya nufi ƙofa da ita. Ba ta yi kuka ba, tafiya kawai take, wayar na lilo a kafaɗarta.

Sa'adiyya ta miƙe tsaye, ta runtse ido.

"Adama!"

"Na'am?" in ji tsohuwa, kafin ta san ta faɗa.

A bakin ƙofa kuma yarinya ta fizge hannunta ta juyo, fuskarta ta washe.

"Am!" ta ce, ta sheƙo da gudu ta faɗa jikin uwarta.

Goggo ta saki salati. "Mun shiga ukku! Sunan surukarki, gaban idonta! Kuma ɗiyar hwari! Malam, ka ji abin da mai keke ya koya mata?"

"Ba shi ba na, Goggo," in ji Sa'adiyya. Ta durƙusa da 'yar a ƙirji tana kuka, ta faɗi yadda aka yi tun daga katin likita har sakin labule. "Inna, ki yahe mani. Na san na yi rashin kunya. Shi ɗai na sunan da ta sani. In kunya za ta raba ni da ita, na bar kunyar."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonta.

"Sake hwaɗi."

"Inna..."

"Nic ce ki sake."

Sa'adiyya ta juya yarinyar, ta ja da baya, ta faɗa a hankali. Yarinya ta waiwayo tana dariya, ta ɗauka wasa ne.

Tsohuwa ta sa gefen mayafi ta goge ido, ba ta ɓoye ba.

"Tun rasuwar uwata ba a kira ni hakanga ba," ta ce. "Har na manta daɗi nai." Ta juya. "Sodangi, kira ta."

"Uwali..."

"Da sunan da ta sani."

Mutumin da ya san kan komai ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Haba, Inna. Sunanki na hwa. Ko da wuƙa ga wuya ba ni iyawa."

"Matan 'yan'uwanka hwa? Ɗiyan gidanmu hwa?"

"Wa ya isa?"

"To ka ji. Na hau jaki tun asuba in kai jikata gidan da babu mai iya kiranta." Ta nuna Atiku da sanda. "Kai, mai keke. Matso. Mi sunana?"

Atiku ya dubi Malam, Malam ya dubi sama. Ya dubi Goggo, ta harare shi. Ya dubi Sa'adiyya, ya ga yadda ta ƙanƙame 'yarta.

"Adama," ya ce, murya kamar ta ɗan tsako.

Yarinya ta leƙo ta ƙarƙashin hannun uwarta. "Keke!" ta ce.

Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya har sandarta ta faɗi.

"Malam Jelani, ka ji su. Marasa kunya biyu, Allah ya haɗa. Ka ɗamra musu amre, kowa ya huta." Ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya, ta gyara mata maɓallin da ya zame. "Takwarata kuwa ba ta zuwa ko'ina. Inda anka kira ta ta amsa, nan na gidansu."